Asabar ko Lahadi? Ƙanena ya jefa Mamanmu cikin tsoro

Maman Biyu:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ku yi haƙuri da tsawon maganata, abin ya tsaya mini a rai ne.

Ina da injin niƙa a Saminaka, da shi nake riƙe gida. Ƙanena mai bi mini direba ne, yana da a-kori-kura, yana jigilar masara zuwa Jos. Shekara biyu ke nan da ya auri wata yarinya daga wajen Jengre, 'yar Adventist, waɗanda muke ce wa 'yan Asabar. Yarinyar kirki ce, ba ni da abin faɗa a kanta. Bara ya koma cocinsu. Mama ma da farko murna ta yi, domin ya bar burkutu, abin da muka yi shekaru muna kai wa Zumuntar Mata a yi mana addu'a a kai. Ranar Juma'a da la'asar zai ajiye mota, ko lodin nawa aka ba shi ba zai taɓa ba sai rana ta faɗi ran Asabar.

To an sa ranar auren autarmu, kuma kamar kowane aure a wajenmu, Asabar ce. A taron iyali ya ce shi ba zai ɗauki kujera ko buhun shinkafa ɗaya a motarsa ba a ranar, kuma ba zai zo ba sai bayan faɗuwar rana. Kawunmu ya harzuƙa. Shi kuma ya zaro wata takarda mai zanen dabbobi masu ƙahoni, ya karanta Fitowa 20:8, ya karanta Daniyel 7:25, ya ce wani sarkin Roma da Paparoma ne suka sauya ranar Allah, duk mai sujada ran Lahadi yana ɗauke da alamar dabbar nan ta Wahayi 13.

Mama ba ta ce komai ba. Ta haura shekara saba'in, a rafi aka yi mata baftisma tun tana budurwa, ban taɓa ganin Lahadin da ta rasa sujada ba sai in tana kwance. Da dare ina ɗaure buhunan garin mutane ta kira ni ɗakinta. Na same ta da gilashinta da tsohon Littafinta wanda bangonsa ya fita aka ɗaure da roba, tana shafa goshinta da hannu. Ta ce, "Ke, ashe shekara hamsin ina bin hanyar da ba ita ba? Babanku da ya mutu yana buga ƙararrawar Lahadi fa, yana ina?" Kwana uku ke nan ba ta cin abincin kirki.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne Littafinmu na Hausa bai ɓoye ba, Asabar ya ce. Na tambayi wani da ya fi ni karatu, ya ce mini muna ƙarƙashin alheri ne, ba Shari'a ba. Da na kai wa ƙanena wannan, dariya ya yi, ya ce to ashe sata da zina ma an halatta, tunda duk a kan allo ɗaya aka rubuta su. Na rasa bakin magana. Don Allah wa ya sauya ranar? Annabcin Daniyel ɗin nan mu yake nufi? Me zan faɗa wa tsohuwar nan?

Tsohon Malamin Littafi:

'Yata, sannu da haƙuri, ki gaishe mini da Mama.

Bari in fara ba ƙanenki abin da yake nasa. Rana ta bakwai Asabar ce, ba gardama. Bakinmu ma shaida ne: sunayen ranakunmu daga Larabci suka zo, Lahadi na nufin ta ɗaya, Litinin ta biyu, Talata ta uku, haka har Alhamis ta biyar, Asabar kuwa tushenta ɗaya da kalmar Ibrananci ta ranar hutu. Kuma babu ayar da ta ce an ɗauke Asabar an ɗora a kan Lahadi. Na koyar shekaru da yawa, kullum ina gaya wa ɗalibai kada su hau bagade su faɗi haka, domin yaro mai Littafi a hannu zai kunyata su.

Tambayar ita ce, wa aka ba wannan alama? Fitowa 31:16 da 17 ta ce alama ce tsakanin Ubangiji da Isra'ilawa. Da bishara ta shiga cikin al'ummai, irinmu ke nan, wasu suka tashi suka ce dole a yi musu kaciya, su kuma bi Shari'ar Musa. Manzanni suka zauna a Urushalima a kan wannan, Ayyukan Manzanni 15. Abu huɗu suka ɗora musu: su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da naman abin da aka maƙure, da fasikanci. Ranar hutu ba ta ciki. In da ita ce ma'aunin ceto, wannan ne wurin da za a faɗa. Bulus kuma a Romawa 14:5 da 6 ya ce wani yana ɗaukaka wata rana, wani yana ganin duk ranaku ɗaya ne, kowa ya tabbata a ransa, mai kiyaye rana saboda Ubangiji yake yi. A Kolosiyawa 2:16 da 17 ya ce kada kowa ya hukunta ku a kan ci ko sha, ko idi, ko tsayawar wata, ko Asabar, domin inuwa ce, ainihin abin Almasihu ne.

Maganar sata da zina kuwa, ki buɗe masa Romawa 13:9 da Afisawa 4:28. Manzanni sun maimaita wa ikkilisiyoyi waɗannan dokoki ba sau ɗaya ba. Ki ce ya nuna miki wasiƙa ɗaya da aka tsauta wa Korintiyawa ko Galatiyawa don sun yi aiki ran Asabar. Mutanen Korinti fa babu irin laifin da Bulus bai tono musu ba.

Sai sarkin Roma. Konstantin ne, kuma gaskiya ne ya yi doka ranar 7 ga Maris, shekara ta 321, cewa alƙalai da mutanen birni da masu sana'a su huta a ranar da Romawa suke kira ranar rana. Ya ma bar manoma su yi aikinsu. Amma hutun gwamnati ya bayar, ba shi ya fara sujadar ba. Wajen shekara ta 150 wani mai bi a Roma, Jastin, wanda daga baya aka kashe shi saboda bangaskiya, ya rubuta wa sarki yana bayyana yadda suke taruwa a wannan rana, a karanta rubuce-rubucen manzanni da annabawa, shugaba ya yi gargaɗi, a yi addu'a, a ci Jibin Ubangiji, a tara taimako don marayu da gwauraye. Ki lissafa, shekara kusan 170 kafin dokar, a lokacin da sarakunan Roma suke kashe masu bi. Kafin Jastin ma ga Ayyukan Manzanni 20:7, a Taruwasa, ran farko ta mako suka taru don gutsura gurasa, daren da saurayin nan ya yi gyangyaɗi ya faɗo daga bene. Ga 1 Korintiyawa 16:2 a kan ajiye baiko. Babban dalilinsu shi ne, a ranar ce aka tarar kabarin Yesu ba kowa.

Ba zan ɓoye miki abin da ba ya yi mini daɗi ba. Wajen shekara ta 364 wani taron shugabannin ikkilisiya a Lawudikiya ya hana masu bi hutawa ran Asabar. A ganina sun wuce gona da iri, sun yi abin da Bulus ya hana, sai dai ta ɗaya gefen. Ikkilisiyar Habasha kuwa har yau tana girmama ranakun biyu, tun da aka daidaita maganar a zamanin Sarki Zara Yakob a 1450.

Ɗan Asabar:

Baba, ina gaisuwa. Yaya Maman Biyu, ni Adventist ne tun kakana, don haka ki bar ni in faɗi namu da bakinmu.

Na fara da abin da ya fi gaggawa. Ki je ki gaya wa Mama yau ɗin nan cewa ikkilisiyarmu ba ta koyar da cewa tana ɗauke da alamar dabba. Abin da muke koyarwa shi ne babu wanda ya karɓi alamar tukuna. Muna ganin sai a ƙarshen zamani, in an tilasta Lahadi da ƙarfin doka, an kuma bayyana wa kowa gaskiya ya zaɓa da saninsa. Mun gaskata Allah yana da mutanensa a cikin kowace ikkilisiya, kuma wanda ya bi hasken da yake da shi har ya mutu, yana hannun Yesu. Ƙanenki zafin sabon shiga ne yake ɗibarsa. Ya je ya tambayi dattawan cocinsa, za su gyara masa. Mu da muke Jengre tun farkon shekarun 1930, asibitinmu bai taɓa tambayar mara lafiya ranar da yake sujada ba.

Amma Baba, da girmamawa, ban yarda Asabar ta Isra'ila ce kaɗai ba. A Farawa 2:2 da 3 aka tsarkake ta, babu Bayahude ko ɗaya a duniya a lokacin. Yesu ya ce domin mutum aka yi ta, Markus 2:27, bai ce domin Bayahude ba. Dokokin hadaya Musa ne ya rubuta a littafi, Dokoki Goman nan kuwa da yatsan Allah aka rubuta a kan dutse, aka sa cikin akwatin alkawari. Yaya za a ce tara suna nan, ɗaya ta faɗi, kuma wadda ta faɗin ita ce aka fara da cewa a tuna? Al'adar Yesu ce shiga majami'a ran Asabar, Luka 4:16. Bayan mutuwarsa matan nan sun shirya kayan ƙanshi suka huta bisa ga doka, Luka 23:56. Asabar ɗin Kolosiyawa 2 mu muna fahimtarta a kan hutun idodi na shekara da ke Littafin Firistoci 23, shi ya sa aka jera ta da ci da sha da tsayawar wata. A taron Urushalima ma ba a ambaci kisankai ba, ba a kuwa halatta shi ba.

Zancen biki, Yaya, kada ku ɗauka raini ne. Ni ma na rasa auren ɗan'uwana na jini a kan haka, har yau matarsa tana yi mini gori. Da zafi, amma mutum ba ya iya taka abin da lamirinsa ya hana shi.

Malamin Tarihi:

Ni Katolika ne, tunda mu ake zana wa ƙahoni a takarda bari in tanka.

Ɗan'uwa Ɗan Asabar, na gode da ka yi magana da hankali, ba kowa ke yi ba. Amma ka tsallake Daniyel, alhali da shi aka tsorata tsohuwa. Ayar ta ce wani sarki zai yi maganar saɓo, ya tsananta wa tsarkaka, ya nemi sauya lokatai da shari'a, na tsawon lokaci da lokatai da rabin lokaci. Masana da yawa, Katolika da waɗanda ba Katolika ba, suna ganin Antiyokus na Huɗu ne, sarkin Girkawa da ya mulki Suriya. A shekara ta 167 kafin haihuwar Almasihu ya hana Yahudawa kaciya da idodi da kiyaye Asabar, ya ƙazantar da Haikali da bagaden gunki, aka yi ta kashe masu ƙin bi. An sake tsarkake Haikalin a 164. Labarin yana cikin littattafan Makabiyawa da ke cikin Littafinmu. Wasu kuma, musamman a ikkilisiyoyin bishara, suna cewa magabcin Almasihu ne mai zuwa nan gaba. Fassarar da ta ce Paparoma ne sai an ɗauki lokatan nan a matsayin shekara uku da rabi, wato kwana 1260, a mai da kowane kwana shekara, a fara ƙirga daga 538 a tsaya a 1798, shekarar da sojan Faransa suka kama Paparoma Piyus na Shida. Lissafin yana burgewa a kan allo. Tambayata kullum ita ce wa ya zaɓi 538, kuma kafin ya zaɓa ai ya riga ya san inda yake so ya sauka.

Irin wannan lissafi an taɓa gwada shi. William Miller, manomi mai wa'azi ɗan Baftis a jihar New York ta Amurka, ya ɗauki 2300 na Daniyel 8:14 ya mai da su shekaru, mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba 1844 a matsayin ranar dawowar Yesu. Mutane suka bar amfanin gona a gona. Gari ya waye ba abin da ya faru. Daga cikin waɗanda suka rage ne ikkilisiyar Adventist ta fito, aka kafa ta a 1863, da bayanin cewa ranar daidai ce amma abin ya faru ne a Haikalin sama. Shi Miller ɗin kansa har ya mutu a 1849 bai koma Asabar ba. Ba gori nake yi ba, mu ma tarihinmu yana da abin kunya da ya fi wannan nauyi. Ina cewa ne duk wanda ya zo da takarda mai lambobi, a karanta masa Matiyu 24:36 tukuna.

Wani ɗan abu kuma, a ƙirgarmu da ta 'yan Lutheran dokar Asabar ta uku ce cikin Dokoki Goma, ba ta huɗu ba kamar a ƙirgarku. Ayoyin duk suna nan a Littafi, rabon lambobin ne ya bambanta tun zamanin Agustin, wani malamin ikkilisiya na dā.

Goggon Yara:

Ku maza kun iya shekaru da lambobi. Ni abu ɗaya zan faɗa. Ku buɗe Maimaitawar Shari'a 5:14 da 15, inda aka sake faɗar dokar. Can dalilin da aka bayar shi ne domin bawanka da baiwarka su huta kamar kai, ka tuna kai ma bawa ne a Masar. Har jaki an ambata.

Akwai yarinyar da ke taya ni aiki, 'yar ƙauyenmu. Wata Lahadi na dawo daga sujada da ankon Zumunta, ina ta waƙa, na tarar da ita a gindin murhu tun asuba, ta yi wanke-wanke, ta ɗebo ruwa, tana tuƙa tuwon baƙin da na gayyato. Ta tambaye ni, "Mama, me aka yi wa'azi a kai yau?" Kunya ta hana ni amsawa. Laifi tudu ne. Mu 'yan Lahadi da yawa ba mu kiyaye Asabar, ba mu kiyaye Lahadin ba, daga coci sai shago. Aƙalla ƙanenki yana kashe mota ya yi asarar kuɗin lodi. Iyayenmu kam sun kiyaye, kakata ko daka ba ta yi ran Lahadi, tun Asabar da yamma take gama komai.

Tsohon Malamin Littafi:

Goggo kin fi mu duka. Ɗana Ɗan Asabar, na ji ka, Farawa 2 hujja ce mai nauyi, ba na raina ta. Inda muka rabu shi ne jerin nan na idi da wata da Asabar, shekara da wata da mako ke nan, haka yake zuwa a 2 Tarihi 31:3 da Ezekiyel 45:17, don haka ni ina ganin ta mako Bulus yake nufi. Ba za mu gama wannan a nan ba.

'Yata, na manta tambayar Mama a kan mijinta. Kada ki kai mata Konstantin. Ki karanta mata Yahaya 5:24 da Romawa 8:38 da 39 a hankali, daga nata Littafin, ki bar ta ta bi da yatsa.

Maman Biyu:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka. Ga yadda aka yi.

Na kai wa Mama ayoyin da Baba ya ce. Ta sa na maimaita Romawa 8 sau biyu, sannan ta karɓa ta karanta da kanta. Amma abin da ya kwance mata rai, in faɗi gaskiya, maganar Ɗan Asabar ce. Na nuna wa matar ƙanena a waya, ta riƙe baki, ta ce ita tun tana yarinya ba a taɓa koya mata cewa surukarta tana da alama ba. Ban san me ta faɗa masa a ɗaki ba. Washegari da sassafe ya zo da ledar lemu da ayaba, ya durƙusa a ƙofar Mama, ya ce ya yi saurin baki. Bai janye maganar Asabar ba ko kaɗan, har ya so ya sake buɗe Daniyel, Mama ta ce ya rufe, ta ji. Ta ci tuwo a daren.

Ni kaina har yanzu ina juya maganar Farawa 2, ban kai ƙarshenta ba. Na Goggo kuma ya taɓa ni, domin yaron da ke tsaya mini a inji kwana bakwai yake yi, ni ce nake tafiya coci in bar shi da ƙurar gari. Na gaya masa daga wannan makon zan rufe ran Lahadi. Ya tambaye ni ko zan rage masa kuɗi, na ce a'a.

Biki yana nan ran Asabar, ba a ɗaga ba, an riga an buga kati. Ƙanena ya ce zai kwashe kujeru da rumfuna da itace tun Alhamis da Juma'a da safe, kyauta, har man mota nasa. Ran Asabar in rana ta faɗi zai zo da matarsa su kama wanke tukwane. Kawu ya ɗan yi gunaguni ya haƙura. Saura kayan ɗakin amarya, gado da katifa da kwanuka, da za a kai gidan miji can wajen Lere. Ƙanena ya ce wannan mai sauƙi ne, ran Lahadi da safe zai loda ya kai. Mama ta cire gilashi ta dube shi, ta ce ba a gidanta za a yi lodi ran Lahadi ba. An bar shi sai Litinin.